Ƙuri'a Ɗaya, Yatsa Biyu

Zuwa ga Dogo, jikan yayana, angona na nesa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya ubangidanka lauya, yaya wannan tarin naka da ba ya jin magani? Ni dai da sauƙi. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta. Idon hagu ya rufe sarai, na dama kuwa kamar ina leƙen duniya ta cikin tsumma. Mai kyamis ne yake rubuta mini, na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki. Ka san kunnena da waya ba sa shiri, kuma wannan ba maganar waya ba ce.

An yi zaɓen kansiloli a nan. Kai ba ka zauna da mu ba, bari in gaya maka yadda majalisar ƙaramar hukumar nan take. Mazaɓu goma sha uku ne. Shida na 'yan Buta ne, ko akuya suka tsayar za a zaɓe ta. Shida na 'yan Almakashi, su ma haka. Ta sha ukun ita ce tamu, kuma duk inda tamu ta karkata, can kujerar ciyaman take faɗawa. Marigayi mijina, Kansila, abokin kishinka, shi ya riƙe mazaɓar nan tun uwarka tana goye. Da Buta ya fara. Suka ɓata masa rai ya koma Almakashi, majalisa ta bi shi. Sojoji suka zo suka garƙame zauren, tantabaru suka tare a ciki. Da aka buɗe ya dawo Buta, majalisa ta dawo. Har an yi lokacin da ya tsaya shi kaɗai ba jam'iyya, ɓangarorin biyu suna wuni a ƙofar gidan nan kamar masu zawarci.

To duk zaɓukan nan, Dogo, ban taɓa dangwala yatsana da kaina ba, tun ma idona na gani. Zai ce wa ma'aikata, matata ba ta yi boko ba, ni ne mai taimaka mata. Mu shiga lungun kwalin zaɓen nan tare, ya kama wuyan hannuna, ya tsoma a tawada, ya danna inda yake so. Ban taɓa tambaya ba, bai taɓa faɗa ba.

Wannan ne zaɓe na farko tun da ya rasu. Na ce bari in je in ga abin da mutane suke gani a takardar nan. Rumfarmu a firamare take, ajin nan mai karyayyar taga. Hantsi ne, rana tarwai. Malamin aji uku shi ne shugaban rumfa, ya duba katina, ya ba ni takarda, ya kama gwiwar hannuna ya kai ni bakin kwali. Na kawo takardar kusa da hancina ina neman hotunan. Ban ma gama gane sama da ƙasa ba, sai aka kama wuyan hannuna ta baya. Hannu mai sanyi kamar ƙarfen famfo. Ya tsoma, ya danna. Ban ga inda ya danna ba.

Na san hannun, Dogo. Bakina ba zai iya kiran sunan a gaban mai kyamis ba, amma na san shi.

Da yamma aka ce Buta ta ci mazaɓarmu da ƙuri'a ɗaya tak, majalisa ta zama tasu. Suna ta hon a titi, ni kuwa ina zaune na sa hannuna a ruwan zafi, ya ƙi ɗumi.

Ka gaya mini yadda zan yi. Ga yatsana a ƙasa yadda ka ce in riƙa yi, don ka san ni ce.

Kakarka

Ƙarin mai rubutu: Na ba ta maganin jiri, jininta ne ya ɗan hau. Kuma ƙuri'a ɗaya ma nasara ce, a gaya wa masu ƙorafi.

*

Zuwa ga Kaka, amaryata mai rigima,

Na amsa gaisuwa. Tari ya yi sauƙi, aiki ne dai ya yi yawa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, takardarki ta daɗe a hanya, kuma da na karanta ban zauna ba.

Kaka, abin da aka yi miki laifi ne babba. Babu wanda doka ta ba damar kama hannun mai zaɓe ya danna masa, balle ma'aikacin rumfa. Na ga yadda kika kasa kiran sunansa a gaban mai kyamis, wanda kowa ya san ɗan Buta ne. Ba sai kin faɗa ba. Wa ya kai ki bakin kwali? Wa yake kusa da ke? Malamin nan ne. Hannu mai sanyi kuma ai na marar gaskiya ne.

Na nuna wa ubangidana takardar. Shi ne lauyan 'yan Almakashi, kuma da ma suna neman hujja. Sai da ya miƙe tsaye. Ya ce ƙuri'a ɗaya ce ta raba, ga kuma ɗayar da aka sata. An shigar da ƙara a kotun zaɓe. Za a kira ki ki faɗi abin da ya faru, shi ke nan aikinki. Kada ki ji tsoron kowa, kina da miji a birni.

Abu ɗaya: ki gaya wa mai kyamis ba sai ya dangwala nasa yatsan kusa da naki ba. Naki mai tabon wuƙa ya ishe ni shaida. Nasa ƙato ya kusa danne naki.

Angonki, Dogo

*

Dogo,

Ina gaisuwa, amma a tsaye nake gaisuwar. Lafiyata ƙalau in ban da abin da ka jawo mini. Tela ce take rubutu, maƙwabciyata, don na daina zuwa wurin mai kyamis, ya baza ni a gari wai na fara ruɗewa.

Kafin takardarka ta iso, 'yan sanda sun riga ta. A cikin aji suka kama Malamin, da alli a hannunsa, yara suna kallo. Mutumin da ko kaza ba ya iya kora! Ga ciwon asma, ga tagwaye a gida ko yaye su ba a yi ba. Yana tsare, an ce ba beli sai an zauna kotu.

Kai da ka yi karatu, haka ake karatun? Na ce na san hannu, ka ce Malam? Bari in faɗa yanzu, Tela ki rubuta, ki daina kallona. Malamin ya sake ni a bakin kwali ya koma teburinsa, har na ji kujerarsa ta yi ƙara da ya zauna. Sannan ƙamshin man zafi ya zo, irin wanda Kansila yake shafawa a ƙeyarsa. Sannan hannun. Yatsu uku da babban yatsa ne suka riƙe ni, ƙaramin yana tsaye a miƙe bai taɓa ni ba. Ka tuna ƙaramin yatsansa? Ƙofar zauren majalisa ce ta datse shi ranar da ya bar Buta aka yi dambe da kujeru, tun ranar bai ƙara lanƙwasuwa ba. Shekara da shekaru hannun nan yana kama ni a wuri ɗaya, ka ce ban san shi ba? Na waiga, babu kowa, sai allo da bango da wata taswira da ta yage.

Na san abin da za ka ce. Ni ma na sani, wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Na gaya wa kaina, na yi addu'a iya iyawata. Amma wuyan hannuna bai ji wannan karatun ba. Har yanzu wurin sanyi ƙalau, Tela ta taɓa, ta janye hannu.

Ka san abin da ya ce mini ana gobe zai cika? Ba gida ya bar mini amana ba, ba kaina ba. Cewa ya yi, kada mazaɓa ta faɗa hannun banza. Na ce to. Me zan ce wa mai jinya?

Zancen yatsa kuma, mai kyamis bai dangwala komai ba. Ina wurin. Ni kaɗai na danna, ya ninke takardar a gabana ya liƙe. Ka sake dubawa, ƙila tawada ce ta shafa.

Ka je ka gaya wa ubangidanka ya janye ƙarar nan, a saki bawan Allah.

Kakarka

Daga Tela: Ni dai na rubuta abin da aka ce. Ba ni ciki. Ka turo mata da safar hannu in akwai a wurinku.

*

Zuwa ga Dogo,

Sallama. Shiru, shiru, ba amsa. Ko ka yi fushi ne, ko ba ka da lafiya? In tarin ne ka faɗa. Ni ba na cin abinci sosai, amma ina tashi ina zama.

Wadda take rubuta wannan matar Malamin ce. Ita ta zo da kanta, da ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. Na zaci zagina za ta yi, sai ta share mini tsakar gida. Tela ta ce ba ta ƙara rubuta mini, wai tun ranar biro ɗinta ya daskare.

Gidan nan ya koma yadda yake zamanin Kansila, motoci a ƙofa. Da farko sabon ciyaman na Buta ne ya zo, ya tsuguna har ƙasa, Mama kaza Mama kaza. Ya ce in ce babu wanda ya taɓa ni, tsufa ne ya sa na ga kamar an taɓa. Yana fita, sai ga na Almakashi, wanda aka kayar. Shi ma Mama. Ya ce in ce Malamin ne, magana ɗaya, an gama. Na ce ka san shi ne? Ya ce Mama, ba sani ake nema ba, shaida ake nema.

Na farkon ya bar wani yaronsa mai jaka, ya fito da takarda a rubuce da kwalin tawada, wai in dangwala kawai ba sai na je kotu ba. Azahar ce, muna zaune a inuwar bango, kaji suna kiwo. Na ɗaga hannu zan ture takardar, sai ƙamshin man zafin nan. Dogo, ina ji ina gani hannuna ya tafi wurin tawadar, ba ni nake kai shi ba. Na ja, aka ja. Na sa hannun hagu na riƙe na dama, na zauna a kansa dungurungum kamar mai danne kaza. Mai jakar ya ce Mama lafiya? Na ce ka kwashe kayanka ka fita. Ya fita da baya da baya, ya bar takalminsa ɗaya.

To ka gani. Marigayin nan, Buta yake yi wa aiki yanzu, ko kuwa dai bai son in buɗe baki, ban sani ba. Da ransa ma ban taɓa sanin inda ya dosa ba.

Tsoro nake ji. Ba na yanka albasa, ba na ɗaukar allura da hannun dama. Kwano ma da hagu nake ɗauka kamar marar tarbiyya. An kawo sammaci, an ce ranar kotu ta kusa. In na ce ba a taɓa ni ba na yi ƙarya. In na ce Malam ne na kashe gida guda. In na faɗi gaskiya a yi mini dariya, a ce a kai ni asibitin masu taɓin hankali. Wanne za ka zaɓar wa matarka?

Kakarka

Ɗan'uwa, ni ce matar Malam. Ban san ka ba, kuma ba zan ce maka komai ba. Jiya na kai masa abin shaƙarsa, ƙirjinsa yana kuka kamar ƙofa. Ya ce in gaishe da Kaka, kada ta damu. Shi ke nan.

*

Kaka,

Gaisuwa da ban haƙuri. Lafiyata lau, kunya ce ta hana ni rubutu. Takardunki biyu suna gabana.

Na je wurin ubangidana na ce a janye. Ya yi dariya, ya ce ƙara ba tawa ba ce balle in janye, majalisa guda ake magana. Ya ce in kin kira sunan mamaci a kotu, lauyan Buta zai yi kaca-kaca da ke a gaban jama'a.

Ga shawarata. Ki ce ba ki tuna ba. Tsohuwa ce ke, ba ki gani sosai, ba wanda zai kama ki da laifi. Ƙila a saki Malamin don rashin hujja, ƙila shari'ar ta ɗan ja, amma dai ke kin fita da mutuncinki. Batun Kansila kuwa, Kaka, kewa ce. Kin saba da hannunsa, jikinki ne yake tunawa. Likita zai gaya miki haka.

Amma don Allah wa yake wasa da ni? Takardar Tela yatsa biyu ne a ƙasa. Ta matar Malam ma biyu. Naki, da wancan babban, kullum ta dama, kullum ya ɗan hau kan naki. Mata biyu ba su da yatsa irin wannan. In wani ne yake buɗe wasiƙunki a hanya, ina so in sani.

Dogo

*

Zuwa ga angona mai shawarar banza,

Sallama da gaisuwa, da fatan kunyar ta sake ka. Ka san wa yake rubuta mini yau? Malamin aji uku, a kan tabarmata, tagwayensa suna ja masa riga. Ya rame, amma ya fito. Rubutunsa ma an ce ya fi na kowa kyau.

Ban tuna ba, in ji ka. Shari'a ta ɗan ja, in ji ka. A kan ƙirjin wa za ta ja?

An yi kotun a zauren majalisa, wai nasu ɗakin ana gyara. Rabona da shiga tun ana rantsar da Kansila karo na ƙarshe. Ga hotunan ciyamomi jere a bango, na Buta, na Almakashi, na Buta, da wani fili inda aka cire na soja ƙusar tana nan. Aka zaunar da ni a kujerar shaida, na shafa hannunta, sai na ji gurbin da Kansila ya saba ƙwaƙula da makulli in ana dogon jawabi. Kujerarsa ce, Dogo. A cikin kujeru goma sha uku ita aka jawo mini.

Aka ce in ɗaga hannun dama in rantse. Ya ƙi tashi. Kamar an ɗaure shi da hannun kujerar. Alƙali mace ce, mai tabarau, ta ce Baba ko ciwo ne? Na ce ranki ya daɗe, riƙe shi aka yi. Sai na ɗaga na hagu, ta ce ya wadatar.

Na faɗa duka. Man zafi, yatsu uku, ƙaramin da ba ya lanƙwasa. Na ce Malam yana kan kujerarsa lokacin, wanda ya kama ni mijina ne, kuma ya rasu bara. Aka kwashe da dariya, ba zan ɓoye maka ba. Ubangidanka ya dafe kai. Lauyan Buta ya tashi yana murmushi, ya ce Baba, marigayin da katinsa ya zo? Aka ƙara shewa. Na ce ɗana, shekarun da ya yi yana danna mini da ransa, wa ya taɓa tambayarsa kati? Ubanka ma yana layi yana kallo. Sai dariyar ta ragu, don tsofaffin wurin duk sun san haka aka yi, kuma ba ni kaɗai aka yi wa ba.

Alƙali ta sauko da kanta, ta ce in ba ta hannun. Ta taɓa wuyan hannun. Ta koma ta zauna tana murza yatsunta a jikin riga.

Ga abin da ta yanke, Malam ka rubuta daidai. Ta ce ita ba ta da ikon aika wa mamaci sammaci. Amma mai shaida ta wanke Malam, a sake shi yau. Ta ce doka ta yarda mai raunin gani ya shiga da mai taimako, amma sai mai zaɓen ya nema, kuma an rubuta sunan mai taimakon. Wannan kuwa, ko waye shi, ba a neme shi ba, bai kuma rubuta suna ba. Don haka ƙuri'ar ba tawa ba ce, ba a san inda ta faɗa ba, kuma ɗaya ce ta raba. A sake zaɓe a akwatinmu.

Ka ji. Sai na sake shiga kwalin nan.

Babu mai buɗe wasiƙu. Ka daina tambaya.

Kakarka

*

Kaka,

Na gaishe ki, na gaishe da Malam, ki roƙa mini shi gafara kafin in zo in roƙa da bakina. Na nemi hutu. Ranar zaɓen zan zo in shiga da ke, a rubuta sunana a matsayin mai taimako. Zan riƙe miki hannu da kaina, mu ga wanda zai ƙwace.

Dogo

*

Dogo, mijin kirki,

Sallama. Na san ka ji haushi da na sa Tela ta buga maka waya ta ce kada ka zo. Ka ce za ka riƙe mini hannu. Haba angona. Shi ma da haka ya fara, yana saurayi mai kirki, ni ina amarya ina tsoron layi.

An yi zaɓen jiya. Malam ne yake rubutu. Shi ba a ba shi rumfa ba wannan karon, ya ce ko an ba shi ba ya so. Amma tun kafin ranar matarsa ta zana mini hotunan manya-manya da gawayi a bayan kwali, buta, almakashi, da wasu ƙanana guda biyu da ban taɓa sanin suna takara ba. Ashe takardar nan gida huɗu ce! Na sa aka gaya mini kowane ɗan takara, ɗan waye, me ya ce zai yi da famfon unguwa da ya mutu. Na yi ta juya abin a raina har na tsayar.

Garin duk ya fito, har waɗanda rabonsu da zaɓe tun zamanin soja. Da na iso layi ya dare. Aji ɗaya, taga ɗaya. Wata ma'aikaciya ta ce Baba kina son mai taimako? Na ce ina da shi, yana ciki yana jira. Ba ta yi dariya ba.

Na shiga. Na kawo takardar kusa da hanci, na ga gidajen huɗu. Sai ƙamshin. Sai hannun, ya fi na ranar farko ƙarfi, har ƙashina ya amsa. Ya tsoma yatsana, ya ja ni gefe guda.

Ban ja ba wannan karon. Na gane in ana ja, shi ne gwani. Sai na juya hannuna a cikin nasa na kama ƙaramin yatsan nan mai sandarewa, yadda nake kama shi yana jinya in ciwo ya taso. Na ce, a hankali don kada a ji a waje, Kansila, wa'adinka ya ƙare. Ka yi Buta, ka yi Almakashi, ka yi kai kaɗai, duk na bi ka ban san inda za mu ba. Ka ce kada mazaɓa ta faɗa hannun banza. To nawa hannun ba na banza ba ne. Ka je ka huta.

Muka tsaya a haka, ban san iya tsawon lokacin ba. Ina jin yara suna ƙwallo a fili. Sai yatsun suka fara saki, ɗaya, ɗaya. Na ƙarshe babban yatsan, ya ɗan shafa wurin kafin ya tashi. Bai taɓa yin haka da ransa ba.

Na danna inda nake so. Kada ka tambaye ni, Malam ma ya tambaya na ce ya ci gaba da rubutu.

Almakashi ce ta ci, da rata mai yawa, tawa ba ta ɗaure ba ba ta kwance ba. Majalisa ta koma hannunsu, an ce yau ake sauke hoton ciyaman na Buta tun ƙusar ba ta zauna ba. Mai kyamis ya rufe shago, wai zazzaɓi.

Hannuna ya yi ɗumi. Da shi na yanka albasa yau. Na ɗan yi kuka, na ce albasar ce.

Abin da kawai yake raina, hannun da ya saba riƙo, in an ƙwace masa abin riƙo, ina yake zuwa?

Ga yatsana.

Kakarka

*

Zuwa ga Kaka, uwargida kuma amarya,

Na amsa, na gode Allah da lafiyarki. A gaishe da Malam da iyalinsa da Tela. Safar hannun da na saya sai ki ba wani.

Na buɗe takardarki, kafin in karanta na duba ƙasa. Yatsa ɗaya ne, Kaka. Naki, mai tabon wuƙa, shi kaɗai a fili. Na ɗauko tsofaffin na jera a kan tebur, na kai su bakin taga na duba da rana. Wancan babban iri ɗaya ne a dukansu, har wata 'yar tsaga da take gefensa. Ban nuna wa kowa ba. Na koyi wannan.

Akwai wani labari. Ubangidana yana ta murna da ni, ya ce ni na kawo musu majalisa. Jiya manyan Almakashi suka zo ofis, suka ce wanda ya ci mazaɓarku tsoho ne, zango ɗaya zai yi. Suna son jinin gidan Kansila ya gaje shi, in dawo gida in fara shiri. Na ce ni ai dangin matarsa ne. Suka ce gida ɗaya ne. Suka ajiye mini takardar shiga jam'iyya, na ce zan yi tunani. Da gaske nake, ban yi niyyar sa hannu ba. Na tuna dai na ɗauki biro don in mayar da shi cikin gwangwani. Da suka tafi na duba, sunana yana kan layin.

Kaka, tambaya ce kawai. Man zafin da yake shafawa, mai koren murfi ne? Wani ya shafa irinsa a ofis, na bi kowa na tambaya, duk sun ce ba su ba ne.

Ki amsa da wuri. Rubutun nan ma da hagu nake yi.

Dogo